Ƙurar hunturu da launin teku: Yadda kwamfuta ke tantance abincin kifi daga sararin samaniya

Daga Abala zuwa bakin teku tafiyar kusan kilomita 1,000 ce. Duk da haka, ƙurar da ke rufe garin da sauran ƙasar Kurfai a lokacin hunturu tana da hannu a cikin abin da kifin teku ke ci.

Abincin shi ne wasu ƙananan tsirrai dangin gansakuka, waɗanda ido ba ya iya gani, da masana ke kira fitofilankiton. Su ne ke samar da kusan rabin iskar numfashi da tsirran duniya ke fitarwa, kuma a kansu ƙananan kifaye irin su sadin ke rayuwa. Ƙurar Sahara tana kai musu sinadarin ƙarfe da fosfaras. Kaso mai yawa na ƙurar yana tasowa ne daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, inda ƙasar kanta ɓawon irin waɗannan tsirrai ce da suka rayu a tsohon babban tafkin Chadi.

Sai dai tsirran ba iri ɗaya ba ne. Wasu na ƙosar da kifi, wasu kuma dafi gare su. A Nuwamban 2020, ɗaruruwan masunta a Senegal sun dawo daga teku da ƙuraje a fuska da hannuwa. Daga baya masu bincike suka danganta cutar da dafin wani nau'in tsirran mai suna Vulcanodinium rugosum.

Shi ya sa masana ke son sanin wane nau'i ne ya yi yawa, kuma a ina. Tauraron ɗan'adam na Sentinel-3A da Turai ta harba a 2016 yana auna hasken teku a zango 21, yayin da PACE, wanda hukumar NASA ta Amurka ta harba ranar 8 ga Fabrairun 2024, ke rarrabe launuka fiye da haka.

Aikin kwamfuta na farawa ne daga jirgin ruwa. Ana ɗebo ruwa, a tantance nau'o'in da ke ciki a ɗakin gwaji, sannan a haɗa sakamakon da hoton da tauraron ya ɗauka a wurin a wannan rana. Idan aka bai wa manhajar misalai da dama, sai ta koyi alaƙar launi da nau'i, har ta iya kintatar wuraren da jirgi bai je ba.

A gaɓar Afirka ta Yamma aikin na da wuya. Lakar da koguna ke zubarwa tana sauya launin ruwa, ƙurar hunturu kuma tana dusashe hoton. Ga ƙarancin samfurin ruwa daga yankin, don haka manhajar da ta yi karatunta a tekun Turai tana iya yin kuskure a gaɓar Ghana.

Lamarin ya shafi matasan Kurfai da ke cin rani a Accra, Lome da Abidjan. Tsakanin Yuli da Satumba ruwan sanyi ke tasowa daga ƙasan teku a gaɓar Ghana da Kwaddibuwa, tsirran su yawaita, sadin ya biyo su. Idan kakar ta yi kyau, ɗan dako a tashar kifi da mai sayar da banda duk suna samu. Idan ta ɓaci, abin da suke aikowa gida ma raguwa yake yi.