Halligan: Ƙarfen Da 'Yan Kwana-Kwana Ke Ɓalle Ƙofa Da Shi

'Yan'uwa mazauna Amurka da Ingila, idan kun taɓa lura da 'yan kwana-kwana suna dirowa daga mota, za ku ga wani riƙe da gatari haɗe da wani dogon ƙarfe. Sunan ƙarfen Halligan. Ya samo sunan ne daga Hugh Halligan, wani babban jami'in hukumar kashe gobara ta birnin New York, wanda ya ƙirƙiro shi a shekarar 1948. Abin mamaki, hukumarsa ba ta saye shi da farko ba, don gudun a ce tana ciniki da ma'aikacinta. Birnin Boston ne ya riga ta.

Tsawonsa yawanci inci 30 ne, nauyinsa kuma kilo 4 zuwa 5. Gefe ɗaya yana da baki biyu kamar gwafa, ɗaya gefen kuma akwai baki mai faɗi irin na gizago, da wani tsini a kusa da shi. Idan ƙofa ciki take buɗewa, kamar akasarin ƙofofin gidajen haya, sai mutum ɗaya ya cusa gwafar tsakanin ƙyaure da firam, kusa da makulli, abokin aikinsa yana dukanta da ƙeyar gatari har ta shige, sannan a banƙara. Tsinin na fasa kwaɗo ne. Da gwafar kuma ana iya rufe bututun gas.

To ga inda abin ya shafe mu. Ƙofa mai makulli ɗaya ba ta ɗaukar ƙwararre lokaci. Amma da yawanmu mun taho da al'adar gida ta ƙara sakata biyu ko uku, da girke ƙarafuna a taga saboda ɓarayi. Kowace sakata sai an yi fama da ita daban, alhali hayaƙi yana cika ɗakin da yara ke barci, kuma hayaƙi ya fi harshen wuta kisa a gobarar gida.

Shi ya sa a New York doka ta hana sa kwaɗo a tagar da ke kaiwa matakalar tsira. Ƙarfen da aka yarda a sa mata shi ne wanda ake buɗewa daga ciki ba tare da mabuɗi ba. Kafin ku ƙara wani makulli, ku tuntuɓi mai gidan ko ofishin kashe gobara na unguwarku.