Ko Ka Sani? Injin da Ke Wanke Gidan Gobara da Ƙanƙarar da Ba Ta Zama Ruwa

Ko ka san akwai injin da ke goge baƙin gobara daga jikin katako da bango ta hanyar harbinsu da ƙanƙara, kuma in an tashi daga aiki ko ɗigon ruwa ba za ka gani a ƙasa ba? Ita kanta ƙanƙarar ma ba za ka gan ta ba. Tun safe ake ɗura wa injin ita akwati bayan akwati, kafin la'asar ta ƙare ƙaf, amma in ka ɗauki tsintsiya, abin da za ka share kawai shi ne gawayi da kunkunniyar da suka zubo daga rufi. Abin da aka yi wankin da shi ya bi iska.

Duk wanda ya taɓa zuwa jajen gobara ya san bayan 'yan kwana-kwana sun naɗe mesarsu, sauran aiki na nan jibge. Hayaƙi ya shiga ɗakunan da wuta ba ta leƙa ba. In akwai roba a cikin abin da ya ƙone, kamar bututun ruwa ko rigar wayar lantarki, baƙin da ya bari yana ɗauke da asid, cikin 'yan kwanaki sai ka ga ƙarfen taga da famfo sun fara tsatsa. Ga kuma ƙauri, wanda ke shigewa cikin ƙofofin jikin katako da filasta ya yi zamansa. A wanke, a shafa fenti, a koma gida, sai damina ta kama ko zafin bazara ya taso, warin ya sake fitowa.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, katako mai kauri ba ya saurin mutuwa a wuta. Bayansa ne ke zama gawayi, gawayin kuma ya kare cikinsa daga zafi. Injiniyoyin Turai suna lissafin cewa wuta na cin kimanin milimita 0.65 na katakon gini a minti guda, wato a rabin awa ba ta ci fiye da santimita 2 ba. Ƙarfe kuwa, da zarar zafi ya kai digiri 600, ya rasa kusan rabin ƙarfinsa, ya fara lanƙwasa. Saboda haka sau da yawa ginshiƙin da ka gani baƙi ƙirin lafiyayye ne a ciki, abin da yake bukata a kankare masa baya. To, da me za a kankare?

Da can sai samfefa da buroshin ƙarfe, mutum na maƙale a saman tsani kwana da kwanaki, kuma duk lungun da katako biyu suka haɗu hannu ba ya kaiwa. Ko kuma a feshe da yashi. Wannan dabarar iyayenmu mata ce in za su wanke gindin tukunya: a sa yashi da toka a dirje, baƙin ya fita, amma tukunyar ta ƙarje, sannan a koma wanke yashin. A gida guda kuwa, yashin da za a kwashe bayan aiki ya fi baƙin da aka cire yawa, ga shi ya shige ko'ina, har cikin soket.

Ƙanƙarar da injin nan ke harbawa, wadda ake kira busasshiyar ƙanƙara, ba daga ruwa ake yin ta ba. Iskar kabon-dayokzaid ce, irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi, wadda kuma ke sa lemon kwalba kumfa, aka daskarar da ita. Sanyinta digiri 78.5 ne ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas. Firizar gida a 18 ƙasa da sifiri take tsayawa. Ga inda abin ya burge ni. Ƙanƙarar da muka sani sai ta narke ta zama ruwa kafin ta zama tururi. Wannan kuwa tsallake matakin tsakiyar take yi. A irin nauyin iskar da muke rayuwa a cikinta, kabon-dayokzaid ba ta iya zama ruwa sam. Sai an matse ta da ƙarfin da ya ninka nauyin iskar duniya fiye da sau 5 kafin ta yarda. Don haka ka ajiye dunƙulenta a kan faranti, zai yi ta ramewa a gaban idonka har ya ɓace, farantin kuma a bushe.

A masana'anta, ruwan iskar da ke matse a tanki ake saki farat ɗaya, sai wani ɓangarensa ya daskare ya zama farin gari. A danna garin ta cikin farantin ƙarfe mai huji-huji, ya fito 'yan ƙwayoyi masu kaurin milimita 3, kusan girman ƙwayar shinkafa. Su ake zubawa a cikin injin. Shi injin ba wani abin kallo ba ne: akwati mai taya, da mazubi a sama, da mesa mai bindiga a baki, an haɗa shi da babban injin matsa iska. Sirrin duk yana ga abin da ke faruwa a daidai lokacin da ƙwayar ta taɓa katako.

Iska ce ke cillo ta da gudun da kan kai mita 300 a daƙiƙa guda, ta daki ɓawon gawayin. Amma ƙwayar ba ta da tauri, ba ta fi farcen mutum ba, don haka ba ta ƙarje lafiyayyen katako kamar yadda yashi ke yi, muddin mai riƙe da bindigar ya san aikinsa. Sanyin nan kuma na sa baƙin da ke manne ya takure nan take ya tsattsage, tun abin da ke ƙarƙashinsa bai kai ga yin sanyi ba, sai riƙon da ke tsakaninsu ya saki. A wannan ƙiftawar ido ɗin ne ƙwayar ke komawa iska, ta kumbura kusan ninki 800 na girmanta, a cikin tsagar da ta buɗe. Ninki 800! Ka yi lissafin da kilo ɗaya: dunƙule ne da ba zai cika gorar lita ɗaya ba, amma in ya sake jiki yana ba da iska fiye da lita 500, cikin durom biyu da rabi har da ragowa. Masu sayar da injin sun fi son ba da labarin wannan kumburar, suna cewa kowace ƙwaya ƙaramin bam ce. Akwai masu binciken da ke ganin dukan da sanyin su ne ke yin mafi yawan aikin. Ni dai ko ma wanne ne, abin da ido ke gani ya isa: bakin bindiga na tafiya a kan baƙin ginshiƙi, bayansa na fitowa fes, har zanen jikin itacen kana gani.

Rashin ruwan nan ba ƙaramin alheri ba ne, domin gidan da ya yi gobara ya riga ya sha ruwa ya ƙoshi. A ranar 20 ga Nuwamban 1992 fitila ta kama labule a fadar Windsor ta Sarauniyar Ingila, wuta ta yi awa 15 tana ci, ta lalata ɗakuna 115. Galan miliyan 1.5 na ruwa aka kwarara kafin ta mutu, kuma busar da bangayen ya zama ɗaya daga cikin manyan wahalhalun gyaran, wanda bai kammala ba sai a 1997. Ruwan da ya zauna a katako shi ke kawo fumfuna da ruɓa. Wankin da ba ya ƙara ko cokali ɗaya a kan wannan lema, ai dole masu gyara su so shi. Ga shi kuma iskar ba ta ɗaukar lantarki, shi ya sa ake wanke akwatunan wuta da janareto da ita.

Wani Bafaranshe mai suna Adrien Thilorier ne ya fara ganin ƙanƙarar a 1835, da ya buɗe tukunyar da ya matse ruwan iskar a ciki. An daɗe ana amfani da ita wajen jigilar askirim da nama kafin wani ya yi tunanin harba ta. A 1977 injiniya Calvin Fong na kamfanin jiragen sama na Lockheed ya yi rajistar dabarar, a 1986 kuma aka kafa kamfanin Cold Jet a jihar Ohayo ta Amurka, wanda ya shahara da ƙera injinan. A shekarun nan ne kuma, tsakanin 1984 da 1986, masu gyaran Mutum-mutumin 'Yanci na birnin Niyok suka fuskanci irin wannan matsala: fatar tagullarsa ba ta kai kaurin milimita 3 ba, yashi zai illata ta. Sai suka fesa ruwan iskar naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, fenti hawa bakwai ya ɓare, kwaltar da ke ƙarƙashi kuma suka cire ta da garin soda irin na masu yin kek. Har yau ana fesa wannan garin a gidajen gobara, yana ma taimakawa wajen kashe wari, sai dai shi sai an share shi.

Wataƙila ma ka taɓa ganin ƙanƙarar ba ka sani ba. Farin hazon nan da ke malala a ƙasa a zauren biki lokacin da ango da amarya suka fito fili, sau da yawa ita ce aka jefa a ruwan zafi. Farin da kake gani laimar iska ce da sanyi ya kama. Ita kabon-dayokzaid ba ta da launi. Dalilin da ya sa hazon ke bin ƙasa, ba ya tashi sama, shi ne iskar ta fi wadda muke shaƙa nauyi da kusan rabi, ga kuma sanyi.

Wannan nauyin shi ne haɗarin injin. Ƙanƙarar ta ɓace wa ido ne kawai, tana nan a ɗakin, ta kwanta a ƙasa. A iskar waje kasonta 0.04 ne cikin 100. Dokar wuraren aiki a Amurka ba ta yarda ya wuce 0.5 ba a aikin awa 8. In ya kai 4 rai na cikin haɗari, a 10 kuwa mutum na suma cikin 'yan mintoci. Maƙwabtanmu na Kamaru sun ga iyakar abin. Daren 21 ga Agustan 1986, tafkin Nyos da ke arewa maso yammacin ƙasar ya amayar da wannan iska da ta daɗe tana taruwa a ƙarƙashinsa. Ta gangara kwaruruka ba ƙara ba launi, ta kashe mutum 1,746 da dabbobi kusan 3,500, cikinsu har da Fulani makiyaya da shanunsu. Tun 2001 aka fara kafa bututu a tafkin don iskar ta riƙa fita kaɗan-kaɗan. Shi ya sa mai aiki da injin nan ba ya shiga rufaffen ɗaki sai da fanka mai zuƙe iska da na'urar da ke ƙara in iskar ta yi yawa. Sai safar hannu mai kauri, don ƙanƙarar na ƙona fata cikin daƙiƙoƙi, da abin toshe kunne, don ƙarar bindigar na wuce desibel 100, da takunkumin hanci saboda ƙurar gawayi.

Ba komai injin ke gyarawa ba. Katifa, kujerun kushin, labule da silin na kwali da suka sha hayaƙi, yawanci sai dai a zubar. Ba shi zai gaya maka ko ginshiƙi zai iya ci gaba da ɗaukar rufi ba, wannan aikin injiniya ne, wayoyin da suka sha zafi kuma sai mai gyaran wuta ya duba su. Ƙaurin da ya yi nisa a cikin itace ma ba duka yake fita ba, don haka bayan an kankare sai a shafe katakon da wani fenti mai toshe ƙofofinsa. Mafi shahara a wannan aiki ana yin sa ne da shalak, wani ƙaro da wani ɗan mitsitsin ƙwaro ke fitarwa a rassan itatuwa a Indiya da Tailan, wanda da shi ake yin faifan garmaho a da. Ƙanƙara ta kankare, ƙaron ƙwaro ya rufe.

Me ya sa ba mu cika ganin injin a garuruwanmu ba, alhali duk hunturu sai mun ji gobara a gidaje da kasuwanni? A ganina tsadarsa ba ita kaɗai ba ce. Abin da ya sa ƙanƙarar ta dace da aikin shi ne kuma ya hana a ajiye ta. Ko a cikin akwati mai rufin kirki kullum raguwa take yi, firizar gida ba ta iya riƙe ta, in kuma ka kulle ta a mazubin da iska ba ta fita, mazubin zai fashe. Dole a yi odarta daf da ranar aiki, daga masana'antar da ba ta yi nisa ba. Ita masana'antar kuma yawanci tana samun iskar ne daga kamfanonin takin zamani da na sarrafa barasa, inda take fita a matsayin rarar aiki. Ko Turai ba ta tsira daga wannan ba: a bazarar 2018, da kamfanonin taki da dama suka rufe don gyara a lokaci guda, iskar ta yi ƙaranci har masu lemon kwalba da mahautan kaji a Birtaniya suka rage aiki. Mai gyaran gida a Kano ko Maraɗi da zai sayi injin, sai ya fara sanin daga ina ƙanƙarar za ta zo, da kuma nawa za ta rage a cikin akwati bayan ta yi wuni a mota cikin zafin watan Afrilu.