Ciwon Dawakin Afirka: Cutar da ba ta da magani sai rigakafi

Duk shekara idan damina ta kankama, masu dawaki kan shiga fargaba saboda wata cuta da ke iya kashe doki cikin 'yan kwanaki. Masana na kiranta ciwon dawakin Afirka, kuma tana cikin cututtukan da Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya ta wajabta a kai rahotonsu da zarar sun ɓulla.

Ƙwayar bairas ce ke haddasa cutar, kuma tana da nau'o'i 9. Doki ba ya ɗaukarta daga ɗan'uwansa ta hanyar cuɗanya ko shan ruwa a wuri ɗaya. Wasu ƙananan ƙwari masu shan jini ne ke yaɗa ta, waɗanda tsawonsu bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba, wato ba su kai sauro girma ba. Suna hayayyafa a ƙasa mai danshi da ta gauraya da kashin dabbobi, suna kuma fitowa cizo daga magariba zuwa wayewar gari. Jakin dawa kan ɗauki ƙwayar ba tare da ta yi masa illa ba, shi ya sa ya zama ma'ajiyarta.

Alamomin cutar

Cutar kan fara da zazzaɓi mai zafi. Idan ta kama huhu, doki kan riƙa haki da tari da zufa, ya buɗe ƙafafuwa yana neman numfashi, daga bisani kumfa ta riƙa fita daga hancinsa. Wannan ita ce mafi muni, domin da wuya dokin ya tashi. Idan kuma ta kama zuciya, sai ramin da ke saman idanu ya cika ya kumbura, kumburin ya sauka zuwa kai da wuya da ƙirji. Sau da yawa alamomin biyu kan haɗu.

A cikin dawakin da ba a yi wa rigakafi ba, kashi 70 zuwa 95 cikin 100 na waɗanda suka kamu kan mutu. Alfadarai sun fi juriya, jakuna kuma sun fi su. Cutar ba ta kama mutum, amma kare na iya kamuwa idan ya ci naman dokin da ta kashe.

Ɓarnar da ta yi

Tsakanin 1959 da 1961 cutar ta ratsa Gabas ta Tsakiya har zuwa Indiya, inda aka ƙiyasta mutuwar dabbobi kimanin 300,000. A 1987 ta shiga Sifaniya ta hanyar jakunan dawa da aka kai daga Namibiya. A 2020 ta ɓulla a Tailan ta kashe ɗaruruwan dawaki. A Najeriya ma, an tabbatar da ɓullarta a cikin dawakin wasan folo a Legas a 2007. Wannan gargaɗi ne ga bargar sarakuna da masu hawan sallah, musamman masu sayo dawaki masu tsada daga ƙasashen da babu cutar, domin jikinsu bai san ta ba.

Hanyoyin kariya

Babu maganin da ke kashe ƙwayar. Abin da likita zai iya yi shi ne sauƙaƙa wa dokin wahala da ba shi cikakken hutu. Saboda haka rigakafi ne mafita. Ana yin allurar duk shekara, kuma ya fi dacewa a yi ta tun da rani, kafin ƙwarin su yawaita. Tun da nau'o'in ƙwayar sun bambanta, likitan dabbobi ne ya kamata ya zaɓi allurar da ta dace.

Bayan allura, ana shigar da dawaki barga kafin faɗuwar rana, ba a fito da su sai hantsi. Ana rufe tagogi da raga mai ƙananan huji da aka fesa wa maganin ƙwari, domin ragar sauro da aka saba da ita ba ta tare su. Fanka ma na taimakawa, saboda ƙwarin ba su da ƙarfin tashi cikin iska. Kwashe kashi da gyara wuraren da ruwa ke kwanciya na rage hayayyafarsu.

Duk wanda ya ga waɗannan alamomi a dokinsa, abin da ya kamata shi ne ya killace shi cikin raga, ya dakatar da fita da sauran dawakin, sannan ya sanar da ofishin likitan dabbobi mafi kusa ba tare da jinkiri ba.