Maganaɗisun niyodimiyam: mai takarda daban, mai maƙera daban

A watan Nuwamba na 1983, a taron masana maganaɗisu da aka yi a birnin Pittsburgh na Amurka, mutum biyu da ba su taɓa aiki tare ba suka zo da labari iri ɗaya. Masato Sagawa na kamfanin Sumitomo Special Metals a Japan da John Croat na General Motors, kowannensu ya haɗa niyodimiyam da baƙin ƙarfe da ɗan boron, ya samu mayen ƙarfen da har yau babu wanda ya fi shi ƙarfi a kasuwa. Shi ne a cikin lasifikar wayar hannu, da faifan ajiyar kwamfuta, da injin motar lantarki, da manyan fankokin da ke samar da wuta daga iska. Kamfanonin biyu duk sun yi rajistar mallakar abin da suka ƙirƙiro. Bayan shekara arba'in, kusan kashi 90 cikin 100 na wannan maganaɗisu a ƙasar Sin ake ƙera shi, ƙasar da ba ta da hannu a ƙirƙirar. Abin da wannan tarihi ke nunawa, a ganina, shi ne takardar mallakar ƙirƙira tana ba mai ita damar karɓar kuɗin shiga na wani lokaci, amma ba ta ɗaure sana'a a gida.

Buƙata ce ta haifi abin. Kafin lokacin, maganaɗisu mafi ƙarfi shi ne na samariyam da kobalt, kobalt kuwa akasarinsa daga Zayar yake fitowa, wato Kwango ta yau. Da yaƙi ya ci garin Kolwezi mai ma'adinai a 1978, farashinsa ya yi tashin gwauron zabi, masana'antu suka shiga neman abin da za a yi da baƙin ƙarfe, wanda yake ko'ina kuma da araha. Sagawa yana aiki a Fujitsu lokacin da tunanin ya zo masa, cewa in aka cusa wani ƙaramin sinadari kamar boron tsakanin ƙwayoyin ƙarfe za a iya gyara halinsu. Sai da ya koma Sumitomo a 1982 aikin ya nuna. Hanyarsa ita ce a niƙa haɗin ya zama gari, a danne, a gasa. Hanyar Croat kuwa a kwarara narkakken ƙarfen kan wata ƙafa mai juyawa da gudu, ya daskare nan take ya zama siririn zare, a farfasa a haɗa da danƙo. Maimakon su ƙare a kotu, kamfanonin biyu suka yi sulhu, aka raba gona: gasasshe na Sumitomo, mai danƙo na General Motors.

Takardar mallaka ciniki ce tsakanin mai ƙirƙira da hukuma, kuma tsohon ciniki ne, domin birnin Venis ya kafa masa doka tun 1474. Mai ƙirƙira zai bayyana dabararsa a rubuce, ta yadda duk gwani a fannin zai iya bin bayanin ya yi irinta. Hukuma kuma za ta hana kowa ƙerawa ko sayarwa ba da izininsa ba har wani wa'adi, wanda yarjejeniyar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta tsayar a shekara 20 daga ranar shigar da buƙata. Abu biyu ne masu ɗaukar takardar kamar katanga suke mantawa. Na farko, tona asiri shi ne kuɗin da ake biya, don haka tun ranar da aka wallafa bayanin kowane injiniya a Beijin ko Baotou yana iya zama ya karanta. Na biyu, ikon takardar ya tsaya a iyakar ƙasar da ta bayar da ita. Dokar Sin ta mallakar ƙirƙira ma sai a 1985 ta fara aiki, bayan Sagawa da Croat sun riga sun shigar da nasu a wasu ƙasashe.

Abin da takarda ba ta iya ɗauka sai an leƙa cikin masana'anta ake ganinsa. Lissafin haɗin ba ɓoyayye ba ne: ƙwaya 2 ta niyodimiyam, 14 ta ƙarfe, 1 ta boron. Wahalar tana gaba. Ana narka haɗin a tanderun da aka zuƙe iskarsa, a shayar da shi iskar haidurojin har ya tsattsage da kansa, sannan a niƙa shi ya fi garin tuwo laushi nesa ba kusa ba. Garin nan in ya haɗu da iskar da muke shaƙa yana iya kamawa da wuta, kuma ɗan iskar da ta shige shi ta isa ta rage ƙarfin kayan baki ɗaya. Ana danne shi a cikin filin maganaɗisu domin kowace ƙwaya ta fuskanci gefe guda, kamar sahun salla, sannan a gasa a zafin da ya haura digiri 1,000. Bayan ya huce a yanka, a goge, a shafe shi da nikel saboda yana saurin tsatsa, daga ƙarshe a ba shi ƙarfinsa. A kowane mataki akwai abin da sai wanda ya ɓata kaya sau ɗari yake sani. Duk wanda ya taɓa zama a bakin maƙera ya san bambancin wanda aka faɗa wa yadda ake ƙera lauje da wanda hannunsa ya saba da zuga-zugi.

Nan ne Amurka ta yi sake. General Motors ya kafa reshe mai suna Magnequench a jihar Indiyana a 1986, amma a 1995 ya sayar da shi kan dala miliyan 70 ga wasu masu zuba jari da suka haɗa da kamfanoni biyu na Sin. Ba a cika shekara goma ba aka rufe masana'antunsa na Indiyana, aikin ya koma birnin Tianjin na Sin. A lissafin kamfanin mota, wannan ƙaramin reshe ne da bai kai a damu da shi ba. Abin da ya tafi kuwa har da injuna da ƙwarewar ma'aikata, waɗanda babu ofishin rajistar da ke ajiye su.

Za a ce ai Japan ba ta yi irin wannan sake ba, kuma takardunta sun yi aiki. Wannan gaskiya ne, kuma bai kamata a raina shi ba. Kamfanin Hitachi Metals, wanda ya gaji takardun Sumitomo, ya tara sama da 600, ya kuma ba kamfanonin Sin takwas kacal lasisi. Sauran suna iya ƙerawa su sayar a gida, amma kasuwar Amurka ta zame musu ƙofa a rufe. Wata babbar takardarsa a Amurka ma ba ta ƙare ba sai watan Yuli na 2014, fiye da shekara 30 bayan ƙirƙirar, saboda tsohuwar dokar can tana ƙirga shekara 17 ne daga ranar da aka amince, ba daga ranar shigarwa ba. A 2012 kamfanin ya kai ƙarar kamfanoni 29 gaban hukumar ciniki ta Amurka, yawancinsu suka nemi sulhu. Wasu kamfanonin birnin Ningbo da aka hana lasisi suka kai shi ƙara a gida, suka yi nasara a 2021, sannan kotun ƙolin Sin ta soke hukuncin a ƙarshen 2023. To amma a duba abin da duk wannan nasara ta saya. Ta sayi kuɗin lasisi da jinkiri. A cikin shekarun da ake ta shari'a, masana'antun Sin suna ƙara yawa suna ƙara gwaninta, suna ciyar da kasuwar cikin gida da ta isa ta riƙe su. Rabon da Japan ta tsira da shi, na maganaɗisu mafi inganci, ta riƙe shi ne saboda kamfanonin Shin-Etsu da TDK da Hitachi Metals, wanda yanzu ake kira Proterial, ba su kashe tanderunsu ba, suna ta sabunta dabara a kan aiki.

Wata suka ta fi wannan nauyi. Masu ita suna cewa maganar takarda ba ta ma taso ba, domin Sin ta yi nasara ne da ma'adinan mahaƙarta ta Bayan Obo, da arhar ƙwadago, da tallafin gwamnati, da kawar da kai daga gurɓata ƙasa da ruwa. Duk waɗannan sun taka rawa, kuma mazauna kewayen birnin Baotou, inda ake tace ma'adinan, sun biya farashi mai tsada. Sai dai sukar tana ƙarfafa hujjar ne, ba rusa ta ba, tunda ta yarda cewa abubuwan da suka yanke hukunci duk suna wajen takarda. Kuma ma'adini kaɗai bai isa bayani ba. Amurka tana da mahaƙar Mountain Pass a Kalifoniya, wadda ta taɓa zama kan gaba a duniya, amma da aka farfaɗo da ita, shekaru aka yi ana loda abin da aka haƙo zuwa Sin domin a tace, don babu inda za a yi hakan a gida.

Babbar shaida ita ce abin da Sin ta yi da ta ga sana'ar ta dawo hannunta. Kamfanoninta suna rajistar mallaka da yawa, amma ba a kan wannan gwamnati ta dogara ba. A watan Disamba na 2023 ta haramta fitar da fasahar ƙera irin wannan maganaɗisu zuwa waje, wato ta zaɓi rufe baki a inda dokar mallaka ke neman a buɗe. A watan Afrilu na 2025 kuma ta sa sharaɗin neman izini kafin fitar da ma'adinai bakwai da maganaɗisun da ke ɗauke da su, ciki har da disfrosiyam da ake ƙarawa don kayan su jure zafin inji. Cikin 'yan makonni kamfanin Ford ya dakatar da aiki na mako guda a masana'antarsa ta Chicago. A lokacin, takardun asali na Sagawa da Croat sun daɗe da ƙarewa, kowa a Amurka ko Turai yana da 'yancin ƙera abin ba tare da biyan ko sisi ba, kuma bayanin yana nan a intanet kyauta. Sabbin masana'antun da aka kafa a Texas da Karolina ta Kudu da Estoniya suna fama ne da neman injuna da tataccen ma'adini da mutanen da suka taɓa yin aikin da hannunsu.