Daskarewar Jini da Samun Sauƙin Mai Shanyewar Ɓarin Jiki

Sau da yawa akan ga mutum biyu ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama su lokaci ɗaya, ɗaya ya miƙe bayan 'yan watanni har ya koma kasuwa, ɗayan kuwa ya dawwama a kan tabarma. Dalilan suna da yawa, amma wani babba daga cikinsu yana cikin jini.

Ku sani jini yana ɗauke da waɗansu sinadarai, galibinsu hanta ke yin su, aikinsu su daskarar da shi idan an ji rauni. Akwai wanda likitoci ke kira fibirinojin. Idan wani mai suna turombin ya taɓa shi, sai ya zama zare-zare kamar komar masunta, ya kama ƙwayoyin jini, guda ya ƙullu. Da babu wannan, da kaciya ma ta halaka yaro. Amma idan gudan ya toshe jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa, sashen da aka hana jini yakan soma mutuwa cikin mintoci kaɗan. Mafi yawan masu ciwon haka nasu yake, kuma an lura wanda fibirinojin ya yi yawa a jininsa, sauƙinsa kan fi wuya.

A shekarar 1995 likitocin Amurka suka tabbatar cewa allurar altefilas tana narkar da gudan, kuma waɗanda aka yi wa ita cikin awa 3 sun fi samun tashi ba tare da nakasa mai yawa ba. A 2008 wani gwaji a Turai ya kai wa'adin awa 4 da rabi. Sai dai ba banza ba: a gwajin farko, kamar 6 cikin 100 ta jawo musu zubar jini a ka.

To, akwai iri na biyu, wato jijiya ta fashe jini ya malala cikin ƙwaƙwalwa. A nan daskarewa ita ce mai ceto. Mai shan warfarin, maganin da ke rage ƙarfin waɗannan sinadarai (a 1948 don ɓeraye aka fara sayar da shi, kafin a yarda mutane su sha a 1954), nasa zubar kan ci gaba, sai an gaggauta ba shi bitamin K da sinadaran da suka gaza.

Abin wuyar shi ne alamun iri ɗaya ne: baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe. Hoton ƙwaƙwalwa a asibiti ne ke rarrabe su. Saboda haka a ganinmu, mai ba majinyaci asfirin a gida caca yake yi da ransa, mai jiran wanzami ya zo da ƙaho kuwa wa'adin allurar yake cinyewa. Wanda ya raka shi asibiti ya riƙe lokacin da aka yi masa ganin ƙarshe yana lafiya, gama likita zai tambaya, kuma daga nan yake soma ƙidayar awa.