Ɗanki Mai Koyon Sana'a da Darasin Turanci

Yau zancenmu a kan 'ya'yanmu ne da ke makarantun koyon sana'a, masu koyon aikin lantarki, kafinta, gini da kanikanci.

Daga Hotoro zuwa Tarauni har Gyadi-Gyadi, koken iyaye iri ɗaya ne: yaro hannunsa na da kyau a wajen aiki, amma da an zo darasin Turanci sai jikinsa ya mutu. In kin yi magana ya ce, "Umma, ni da zan riƙe sifana, ina ruwana da Turanci?"

To, da ruwansa. Hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992 don shirya jarrabawar irin waɗannan makarantu, ta sa Turanci cikin darussan dole. Ko a bakin aiki, takardar da ke zuwa da janareta ko injin ɗinki yawanci da Turanci take. Wanda bai iya karantawa ba, shi ne za ki ga ya daɗe yana yaron shago.

Me ke kashe musu gwiwa? Na farko, dariya. Yaro ya yi kuskure a aji a yi masa ihu, ya dawo gida ya gwada kalma ɗaya a ce, "Ga Bature!" Daga ranar ya kama bakinsa. Na biyu, ba ya ganin inda darasin ya haɗu da sana'arsa.

Nan aikinki yake, ko ba ki taɓa shiga boko ba. In an kawo takardar kuɗin wuta, ko kwalin magani, miƙa masa ki ce, "Karanta mini, ka faɗa mini da Hausa." In ya yi, ki sa masa albarka a gaban ƙannensa. In ya kakare, kada ki bari kowa ya yi dariya. Ai ko allo da bāƙi aka fara kafin farfaru.

Ki kuma nuna masa Hausarsa ba abin kunya ba ce. Turancin nan kayan aiki ne, kamar guduma da zarto.

Allah Ya yi wa zuri'armu albarka. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.