Ko Kun Sani? Tabar Siga Mai Shekara Sama da 60

A watan Fabrairun 1962, kafin Shugaban Amurka John F. Kennedy ya sa hannu kan takunkumin hana kasuwanci da Kuba, sai da ya aiki kakakinsa, Pierre Salinger, ya sayo masa tabar siga ta Kuba, wato naɗaɗɗen ganyen taba mai kauri. Washegari Salinger ya kawo kara 1,200 na kamfanin H. Upmann, sannan Kennedy ya rattaba hannu.

Sigar da aka naɗa kafin takunkumin ta zama abin nema, masu hannu da shuni na rububinta a wurin gwanjo. Ana adana ta cikin akwatin katakon sida mai danshi kusan kashi 70 cikin 100, don kada ganyen ya bushe ya farfashe. Da shekaru suka tura, ɗacinta da warin amoniya sukan ragu. Masu shanta ba sa zuƙar hayaƙin zuwa huhu, a baki suke juya shi. Duk da haka, tana jawo kansar baki da maƙogwaro.